Ba a Gaisawa Ƙwallo Tana Sama

Ni ɗan fari ne a gidan Fulani, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce irin tamu. In Baffa yana son ruwa, kuma ni kaɗai ne a tsakar gida, sai ya dubi turken akuya ya ce, "Wai babu mai ba mutum ruwa a gidan nan?" In faɗa zai yi min, kakata yake samu ya gaya mata, ita kuma ta kawo min shi da ƙarin gishiri. Inna ma "wancan" take ce min. Kakata ce kaɗai mai kiran sunana, ita ma rabin lokaci "angon banza" take cewa.

Gidanmu yana wajen Burumburum, muna noma muna kiwo. A ƙarshen shekarun tamanin, ina ɗan shekara sha shida, aka ajiye ni gidan kawuna a Tudun Wada saboda sakandare, sai ƙarshen mako nake komawa gida. A nan ne wani malamin firamare ya tare ni a hanya. Gajere ne, amma in ya ɗaga murya har bakin kasuwa ana jin sa. Ya kalle ni daga ƙasa har sama.

"Kai, wannan tsawon naka me kake yi da shi?"

Na ce, "Tsinkar mangwaro, Malam."

Ya ce, "Asara! Gobe bayan la'asar ka same ni a filin makaranta."

Haka na shiga kulob ɗin ƙwallon raga, wadda mu boli muke ce mata. Mu goma ne. Ragar, Malam ne ya saƙa ta da hannunsa da igiyar rama, aka ɗaura ta a jikin gora biyu. Ƙwallonmu ɗaya tal, ta sha wuya, har mai gyaran keke ya manna mata wani jan faci a gefe. Aikina dukan ƙwallo ne. Wani ɗan mahauci, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi yake ɗaga min ƙwallo saman raga, ni kuma in yi tsalle in kwaɗa ta ƙasa. Wayyo, boli! Na so wasan nan son da ban taɓa yi wa komai ba. Ko tuwo nake ci, hannuna na hagu yana sama yana auna raga.

Labari ya kai gida. Wata Juma'a kakata ta kira ni bukkarta, ta gyara zama irin na mai isar da saƙo.

"Angon banza, ubanka ya ce in gaya maka. Bai hana ka tsalle-tsallenka ba. Amma ranar da ya ji an ce ƙwallo ta sa ka ga babba ba ka gaishe shi ba, ranar ka gama. Ka dawo ka bi shanu."

Na yi dariya. Ni da ko jakin dattijo na gani sai na rage tafiya? Na ce ta gaya masa ya kwantar da hankalinsa.

Da bazara aka shirya gasa tsakanin kulob-kulob na samarin yankinmu: mu, da Kiru, da Bebeji, da 'yan Riruwai daga Doguwa. Kowa zai kara da kowa, biyun da suka fi su haɗu a wasan ƙarshe. Wasanmu na farko a Kiru ne. Muka cika bayan a-kori-kura muna waƙa muna buga jikin mota, ɗan mahauci yana ta rantsuwa cewa ko maki biyar ba za su gani ba. Lokacin sai mai sabis, wato ɓangaren da ya fara bugo ƙwallo, shi ne yake cin maki, kuma wanda ya riga kai sha biyar ya ci zagaye. Zagayen farko kam muka cinye shi kamar wasan yara.

Ana shirin na biyu sai muka ga an kawo wani dattijo mai farin gemu da sanda, an ajiye masa kujera daidai gefen filinmu. Ba mu kawo komai a rai ba. Ɗan Kiru ya cilla ƙwallo sama zai buga sabis, sai muka ji murya mai sanyi:

"Salamu alaikum, samari."

Mu shida muka juya gaba ɗaya, muka rusuna. "Wa alaikumus salam, Baba."

Tim! Ƙwallo ta faɗi a tsakiyarmu.

Muka ce tsautsayi ne. Aka sake ɗaga ƙwallo.

"An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba."

Tim!

"Ya hanya?" Tim! "Ya gajiya?" Tim! "Ya iyayenku?" Wannan kam har ƙasa na kai, don ba a tambayar ka iyayenka kana tsaye ƙerere. 'Yan kallo suna ta faɗuwa don dariya, mu kuwa ba mu gane ba. Malam ne ya fara ganewa. Ya taho da gudu yana ihu, "Ku daina amsawa! Ku daina amsawa, na ce!" Dattijon ya juyo a hankali ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari." Wallahi sai ga Malam ya ja birki ya rusuna, "Yawwa Baba, sannu da hutawa."

Aka lallasa mu. Sai bayan an tashi muka ji ashe kakan kyaftin ɗin Kiru ne, kuma ba mu ne na farko da ya gaisa da su ba. Gaisuwa da roƙon iri ke nan! Muka shiga mota, har muka yi nisa. Can sai ɗan mahauci ya ƙanƙance murya ya ce, "Ya iyayenku?" Muka fashe. Muka yi ta dariya har da hawaye, direba ya leƙo yana tambaya ko cin muka yi.

Malam bai yi dariya ba. Washegari ya tara mu a gindin darbejiya ya kafa doka: ba a gaisawa ƙwallo tana sama. Ya ce ya je wurin liman ya yi tambaya, an ce masa in aka yi wa jama'a sallama, mutum ɗaya ya amsa ya ɗauke wa saura. Saboda haka daga yau shi ne mai amsawa, mu namu ƙwallo. In an busa usur ɗin tashi, sai mu bi layi mu je mu gaida kowa, mu rama abin da ya wuce mu.

Kowa ya ce wannan dabara ta yi. Ni kuwa sai na tuna saƙon Baffa. In na amsa gaisuwa, na zubar wa kulob da maki. In ban amsa ba, labari ya kai Burumburum, na koma bin shanu. Gaba kura baya sayaki. Ban gaya wa Malam ba, kunya ta hana ni.

Atisayen da ya biyo baya, ban taɓa ganin irinsa ba kafin nan ko bayan nan. Malam ya dinga gayyato mutane musamman don su gaishe mu. Mai shayin bakin titi ya zo. Hedimasta ya zo. Wata tsohuwa mai ƙosai ta zo, ita kam abin ya yi mata daɗi, kullum sai ta ajiye tire ta tsaya tana, "Sannunku 'yan samari, ya makaranta, ya zafi?" Duk wanda ya amsa, ko ya juya kai, ko ya ɗan lanƙwasa gwiwa, tsallen kwaɗo ne har ƙarshen fili. Ni na fi kowa shan sa. Bakina zan iya kullewa, amma gwiwoyina da kansu suke sauka, ba sa neman izinina. Ɗan mahauci ya ce in aka ci gaba a haka zan fara kama ƙuda da harshe.

Wata rana na fusata, na ce wa Malam ni fa ba kurma ba ne, ya za a yi mutum ya ƙi jin abin da kunnensa ya ji? Na ɗauka zai zage ni. Sai ya ɗauko ƙwallon ya juya ta, ya nuna min jan facin nan.

"Ba cewa na yi ka ƙi ji ba. Aiki zan ba ka. Duk lokacin da ta tashi sama, ka nemo min facin nan. Yana sama ne, yana ƙasa ne, ta ina yake juyawa. In ka rasa shi, ka sake nema. Shi ke nan aikinka."

Na ce a raina wannan ai shirme ne. Amma na gwada. Kwana biyu, kwana uku, mako guda. Ran nan ina bin facin da ido, yana juyawa yana ɓuya yana fitowa, sai na ji duniya ta yi tsit, kamar lokacin da muke nutsa kai a rafi muna yara. Babu mai ƙosai, babu Malam, daga ni sai jan abin nan. Na tashi na doke ta. Da na sauko sai na ga tsohuwar ta riƙe ƙugu tana cewa, "Au, ni ce yau nake gaishe ka sau uku kana share ni?" Na durƙusa ina ba ta haƙuri, Malam kuwa yana can yana rawa shi kaɗai. Ranar murna ta hana ni cin abincin kirki.

Daga nan sai muka zama abin tsoro. A Bebeji suka kawo makaɗa, aka dinga zuba kalangu a bayanmu, ana yi mana kirarin ƙarya don mu waiwaya. Ko a jikinmu. Muka cinye su, sannan muka bi layi muna gaida dattawan gari ɗaya bayan ɗaya, muna ba da haƙurin jinkiri. Abin ya ba su dariya ya kuma burge su, har aka cika mana mota da rake. Zuwa Riruwai kuwa tafiya ce, ta cikin dajin Falgore, muna ta ƙirga birai a bakin hanya muna raba musu sunayen 'yan Kiru. 'Yan Riruwai 'ya'yan masu haƙar kuza ne, damatsansu kamar taɓarya, in suka doko ƙwallo sai hannunka ya yi tsami. 'Yan kallonsu suka gaishe mu da Hausa, suka gaishe mu da harsunan da ban taɓa ji ba, Malam yana gefe yana ta "yawwa, yawwa" har muryarsa ta dushe. Da ƙyar da jiɓin goshi muka ci. A hanyar dawowa muka yi ta ihu har wani mai keke ya sauka daga titi.

Sai dai magana ba ta kwana a wuri ɗaya. Da na je gida kakata ta tare ni da cewa, "An ce kun zama kurame a birni." Na zauna na yi mata bayanin liman da ramuwa, har da kwaikwayon dattijon Kiru. Ta yi dariya har goronta ya faɗo. Da ta gama ta share ido ta ce, "To, ni dai na ji. Amma ubanka ma ya ji, kuma bai ce komai ba. Ka dai san shirunsa." Na san shi kuwa. Ranar na koma Tudun Wada jikina a sanyaye.

Wasan ƙarshe ya faɗo mu da Kiru, a filinmu, kuma ranar kasuwa. Jama'a kamar ƙasa, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiya. 'Yan Kiru suka sauko daga mota da dattijonsu da kujerarsa. Malam ya tarye shi hannu biyu-biyu, ya ajiye tasa kujerar daf da shi, ya ɓare goro ya miƙa masa. Duk gaisuwar da ya jefo, Malam ya cafe ta tun ba ta kai raga ba. "Ya gida?" "Lafiya lau, Baba." "Ya iyali?" "Alhamdu lillahi, Baba." Tsoho ya yi ta yi har gaisuwa ta ƙare masa, aka ji shi yana tambayar lafiyar kajin Malam.

Amma 'yan Kiru ko babu kakansu sun iya wasa, wannan gaskiya ce. Muka ci zagaye ɗaya, suka ci ɗaya. A na uku, wanda shi ne raba gardama, muna da sha ɗaya suna da takwas. Na koma baya ina share gumi, na ɗaga kai haka kawai, sai na hango malfa a cikin jama'a, da sanda a gicciye bisa kafaɗa. Ko a cikin mutum dubu na san tsayuwar nan. Baffa ne. Ya shigo kasuwa sayen kanwar shanu, hayaniya ta jawo shi, ko kuwa da niyya ya zo, har yau ban sani ba.

Mahaifina yana tsaye, ni ina tsaye, ido ya ga ido, kuma ban durƙusa ba! Facin ya ɓace min ɓat. Na buga ɗaya a raga, na buga ɗaya a waje. Sai na ce bari in saci gaisuwa, in ɗan rusuna ta wajensa kafin sabis ya iso. Ina cikin rusunawa ƙwallo ta sauka a tsakiyar kaina, ƙum! Fili ya ɗauki dariya. Kafin in farga Kiru suna da sha uku, mu muna nan a sha ɗayanmu.

Malam ya nemi a tsaya. Muka kewaye shi.

"Kai, me ya same ka?"

Ɗan mahauci, wanda shi kaɗai na taɓa gaya wa, ya riga ni ya ce, "Babansa ne ya zo, Malam. Ga shi can mai malfa. An ce in bai gaida manya ba za a cire shi daga boli."

Malam ya dube ni, ya dubi wajen Baffa. Ya ce, "Shi ne ba ka taɓa gaya min ba? To, ni zan je in gaishe shi, aikina ne. Kai ina facin?"

Na ce, "Ya ɓace, Malam."

"Nemo shi."

Ina komawa fili na yanke shawara. Na ce in dai yau ce ranata ta ƙarshe a boli, wallahi ba zan ƙare ta da ƙwallo a ka ana yi min dariya ba. Gobe in bi shanu, na yarda. Aka busa usur, ƙwallo ta tashi, na kafa mata ido. Ta juya sau ɗaya, sau biyu, sai ga jan nan ya leƙo. Na riƙe shi. A hankali hayaniyar ta janye, ta janye, har ta ɗauke gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya, rabinsa daga baya aka ba ni labari. Mun karɓo sabis, mun kamo su, mun wuce. Sha huɗu da sha uku. Abin da na tuna da kaina shi ne ƙwallon ƙarshe. Ta je ta dawo, ta je ta dawo, wani namu ya kwanta ya tono ta daga ƙasa, ɗan mahauci ya shiga ƙarƙashinta ya ɗaga min ita sama, luf, daidai inda nake so. Facin yana kallona. Na tashi, na ga hannuwan 'yan Kiru huɗu a ƙasana, na zuba mata duk abin da Allah ya ba ni.

Sai ƙara ta dawo min gaba ɗaya kamar an buɗe ƙofa. Usur, ihu, guɗa, tsohuwa mai ƙosai ta yi jifa da tirenta sama. Aka ɗaga ni, aka kayar da ni, aka sake ɗagawa. Ina dariya ina kuka ban san wanne nake yi ba. Cikin wannan rububin ɗan mahauci ya cafko wuyan rigata yana jijjiga ni.

"Ka ji? Ka ji?"

"Na ji me?"

"Babanka! Ya kira sunanka!"

Na ce, "Kai dai Allah ya shirye ka, ko yau ba za ka huta da ƙarya ba?"

Ya rantse. Na ƙi yarda, don na san bakinsa. Sai Malam ya ce gaskiya ne, lokacin yana kusa da Baffa. Har dattijon Kiru ya dogaro sandarsa ya zo ya ce, "Yaro, ni da aka ci jikana ba zan yi maka ƙarya ba. Kana tashi sama ya ɗaga sanda ya ƙwala sunanka, sau biyu ma. Ya ce doke ta!" Kuma ya faɗi sunan daidai, shi da bai taɓa sanina ba.

Na ratsa mutane na je gaban Baffa, na zube har ƙasa. Na gaishe shi gaisuwar da ban taɓa yi wa kowa ba, na haɗa da ta ɗazu da ta yanzu. Bai dube ni ba. Ya ja malfarsa ƙasa ta rufe masa ido, yana ta gyara ƙullin kanwar da babu abin da ya same shi. Can ya juya wajen Malam ya ce, "Malam, yaran nan naku suna ƙoƙari. A bar su su yi ta yi." Ya saɓa sandarsa ya yi gaba da sauri kamar wanda ya bar shanu a gonar mutane.

Shi ke nan, an bar min boli. Na yi tsalle a wurin har sai da Malam ya ce in rage na gobe. Kakata kuwa ta samu abin yi, wata guda tana tsokanar Baffa, in ya shigo ta ce, "Wa na ji an ce ya yi ihu a kasuwa?" shi kuma ya juya ya fita.

Sai da murna ta lafa abin ya dawo min. Duk filin nan sun ji, 'yan Kiru sun ji, mai ƙosai ta ji, na kan bishiya sun ji. Ni kaɗai ne ban ji ba, ni mai sunan. Abin da na sha tsallen kwaɗo na koya, shi ya ci mana kofi, shi ya kuma toshe min kunne a daidai lokacin. Ban yi da-na-sani ba, don da na ji da na waiwaya, da kuma na zubar da ƙwallon a gabansa. Amma ya yi min ciwo, kuma har yanzu yana yi. Baffa ya rayu shekaru masu yawa bayan nan, ya ga aurena, ya ɗauki 'ya'yana yana kiran kowanne da sunansa. Nawa bai sake faɗa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ɗan mahauci ya gaji rumfar babansa, yanzu gemunsa ya yi fari, bakin dai yana nan. Duk sanda na je Tudun Wada nakan tsaya wurinsa, mu gaisa, mu yi dariyar dattijon Kiru. In zan tafi sai in ce, "Yi min yadda ya ce." Ba ya tsokanata a kan wannan. Sai ya ajiye wuƙa, ya goge hannu a jikin riga, ya ɗaga hannu ɗaya sama kamar mai riƙe da sanda, ya kira sunana sau biyu.